Amsoshin Tambayoyinku: Baba Ya Ce Motsa Jiki Na Yara Ne

Tambaya: Ina rubuto muku ne daga Zangon Hausawa a Tamale. Mahaifina shekarunsa 68, ya daɗe yana sayar da yadi a kasuwar Aboabo, kullum a keke yake zuwa ya dawo. Shekaru uku da suka wuce yayyena suka ce ya huta, suka karɓi shagon, suka jingine keken, ko'ina zai je sai a tsayar masa da yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku. Yanzu yana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, har ya fara sallah a kan kujera. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, amma Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai sa gajeren wando ya bi yara gudu a titi ba. Yayyena kuma sun ce abin kunya ne a ga mahaifinsu yana tafiya a ƙasa kamar ba shi da 'ya'ya. Inna ma, tun da surukai suka cika gida, ko tsintsiya ba a bari ta ɗauka. Shin tafiya ba za ta ƙara wa Baba ciwon gwiwa ba? Kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya, ya yi muku albarka ke da yayyenki. Ƙauna ce ta sa suka karɓi shagon, babu mai musun wannan. Sai dai hutun da aka ba Baba ya yi yawa, kuma ina ganin yana da hannu a halin da ake ciki.

Ki tuna yadda yininsa yake a da. Ya tuƙa keke zuwa Aboabo da safe, ya sauko da bandir daga kanta, ya warware, ya auna, ya ninke, ya mayar. Mai saye ya zo ya miƙe, ya tafi ya zauna. Ya taka zuwa masallaci Azahar da La'asar, da yamma ya sake hawa keke. Duk wannan aka ɗauke masa a rana ɗaya, ba a ba jikin wani aiki a madadinsa ba. Shi kuwa naman jiki, wanda ba a mora raguwa yake yi. Tun daga wajen shekara talatin mutum ke fara rasa tsokarsa a hankali, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan sittin kuma abin ya ƙara sauri. Zama yana hanzarta shi. Tsokar cinya ce kan gaba wajen tafiya, ita ce kuma ke ɗaga mutum daga sujada.

Abin farin ciki, tana dawowa. A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum goma suka ɗauka, 'yan shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Cikin mako takwas ƙarfin cinyar waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu, wasu har suka ajiye sanda. Baba ƙanen ƙanensu ne. Mai shekara 68 da ya yi rayuwarsa a kan keke yana da tushe mai kyau da za a ɗora a kai.

Game da gwiwa, tsoronki shi ne tsoron kusan kowa, kuma da dalili, tunda wurin da ke ciwo mutum yakan so ya lallaɓa shi. Idan ciwon irin na zaizayar gaɓa ne da ke zuwa da shekaru, wanda shi ya fi yawa, to zama ne ke ƙara shi. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi ba shi da jijiyar jini. Daga ruwan cikin gaɓar yake samun abincinsa, kuma sai an lanƙwasa an miƙe, an taka an ɗaga, ruwan ke shiga yana fita. Haka nan cinya mai ƙarfi tana ɗauke wa gwiwa wani ɓangare na nauyi. Ga ma'aunin da za ku riƙe: ɗan ciwon da ya taso lokacin tafiya ya kwanta kafin washegari ba abin tsoro ba ne. Wanda ya kwana ya wuni, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ta riƙa ƙagewa, wannan a rage a koma asibiti. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tamale, ku roƙi likitansa ya tura ku can su duba gwiwar su nuna masa motsin da ya dace da ita.

Hawan jinin kuwa Baba ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kan tsufa a ƙasashe shida, ciki har da Ghana, tsakanin 2007 da 2010, ya gano fiye da rabin 'yan Ghana masu shekara hamsin zuwa sama suna da shi, yawancinsu ma ba su sani ba. Baba ya san nasa, wannan ma sa'a ce. Tafiya a kai a kai tana sauke lambar sama ta awon jini da kamar 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. Taimako ne babba, amma ba ya maye gurbin magani. Kada ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ji sauƙi, likita ne kaɗai zai rage masa.

To nawa ake bukata? Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku don gudun faɗuwa. Minti 150 rabin awa ne sau biyar a mako, kuma ana iya gutsuttsura shi, minti goma nan, goma can. Matsakaici shi ne tafiyar da mutum zai iya hira a cikinta amma numfashinsa ya ɗan ɗaga, ba zai iya jan karatu da ƙira'a ba. Babu gudu a ciki, babu gajeren wando. Da jallabiyarsa da hularsa da carbinsa zai yi. Idan jikokinsa suka zo da maganar taku dubu goma da waya ke ƙirgawa, ki gaya musu wannan lamba daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta fito a Japan a wajen 1965. Nazarin da aka tattara a 2022 ya nuna ga wanda ya haura sittin, yawancin amfanin yana samuwa ne tsakanin taku dubu shida da dubu takwas.

Ni dai ba zan tura Baba filin wasa na Aliu Mahama ba, ko da yake masu sha'awa suna taruwa a irin waɗannan wurare da sassafe, kuma ƙungiyoyin motsa jiki na ƙarshen mako sanannu ne a Ghana. Dattijon da ya ce abu ya zubar masa da girma, ko an ja shi ya je sau biyu zai daina. A mayar masa da tafiyar da ke da dalili. Masallaci sau biyar a ƙafa, ya san ladan kowane taku ya fi mu sani. Bayan mako biyu, Asuba ko Isha'i ya zarce zuwa masallacin da ke gaba da na ƙofar gida. Gaisuwar mara lafiya, ta'aziyya, ɗaurin aure a cikin unguwa, duk a ƙasa. Ranar da zai leƙa kasuwa, yalo-yalo ya sauke shi da ɗan nisa ya ƙarasa. A bar shi ya raka jika makarantar allo. Kuma a samo masa abokin tafiya cikin tsaransa na majalisa, domin wanda ake jira a ƙofar gida ba ya cewa yau na gaji. Ya fara da minti goma, a ƙara biyar duk mako.

Tafiya kaɗai ba za ta mayar da shi kan darduma ba, sai an haɗa da aikin cinya, kuma wannan a cikin ɗaki ake yi, babu mai gani. A samo kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango. Ya zauna a bakinta, tafin ƙafa a ƙasa, hannuwa a harɗe a ƙirji, ya miƙe tsaye sosai, ya koma a hankali ba tare da ya faɗa ba. Ki duba agogo ki ƙirga sau nawa zai yi cikin daƙiƙa talatin. Ga namiji mai shekara 65 zuwa 69, ƙasa da 12 alama ce ta raunin ƙafa, ga mace kuma ƙasa da 11. Ki rubuta lambar ki ajiye. Daga nan ya riƙa yin takwas ko goma, ya huta, ya sake, kwana uku a mako. Idan da farko sai ya dafa gwiwa, ya dafa. Sai ya tsaya ya riƙe bayan kujerar ya ɗaga dugadugansa sau goma, sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ƙirga goma, ya sauya. Kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, yin haka yana ɗaga jini. Bayan wata guda ki sake ƙirgawa a gabansa. Dattawa da yawa wannan lambar da suka ga ta hau ita ke shawo kansu, fiye da duk wani wa'azin likita.

Sallah a zaune halal ce ga wanda ya kasa tsayuwa, kada kowa ya sa Baba jin kunyarta. Amma ya riƙa yin abin da zai iya: idan yana iya tsayuwa da ruku'u, ya yi su, ya zauna a inda ya gagara. Malamansa za su yi masa bayani fiye da ni.

Sai yanayin garinku, wanda ba a wasa da shi. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da jikinsa na bukatar ruwa, balle idan cikin magungunansa akwai mai sa fitsari. Lokacin tafiya shi ne bayan Asuba ko dab da Magariba, ya sha ruwa kafin ya fita da bayan ya dawo. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya rufe hanci saboda ƙura, ranar da hazo ya yi kauri ya yi nasa a tsakar gida. Da azumi a bari sai an sha ruwa, tafiya zuwa tarawihi ma ta wadatar. Ya sa takalmi mai riƙe dunduniya, silifas na jawo tuntuɓe. Da duhun Asuba kuma ya sa farin kaya ya riƙe tocila, saboda babura da kwatocin da ba a rufe ba. Idan ya ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na sauka kafaɗa da hannu, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Ranar da awon jini ya kai 180 bisa 110, babu atisaye sai an ga likita.

Inna ta fi ba ni tausayi, domin nata zaman ba a ganinsa. Namiji ko ba komai masallaci zai fitar da shi, ita kuwa tana iya wuni a kan tabarma ɗaya, ruwan alwala ma a kawo mata. Mata kuma ƙashinsu yana yin rauni da sauri bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa faɗuwa ɗaya a banɗaki kan zama karayar ƙugu. Ki zauna da surukan ku yi shawara: a bar mata sharar ɗakinta, da shanya, da tsinkar ganyen miya, da zuwa cefane tare da jika mai riƙe mata kaya. Ta je Islamiyya a ƙafa da ƙawayenta. Atisayen kujeran nan ku yi shi tare, ke da ita. Idan an yi biki mata suka shiga fili, kada a ce Hajiya ta zauna ta girma, a bar ta ta taka. Su biyun kuma a kula da abin da ke gina tsoka, kada koko da tuwon zafi su cinye cikin: ƙosai, wake, ƙwan zabi, kifi, wagashi, gyaɗa.

Yayyenki kada ki tunkare su da cewa sun yi kuskure. Ki tambaye su ko suna da niyyar kai iyayenku Makka, ko mayar da su. Tun 2016 alhazan arewacin Ghana ke tashi kai tsaye daga filin jirgin saman Tamale, jirgi ya sauƙaƙa hanya, amma bai rage ko taku ɗaya na ibadar ba. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa bakwai, ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina cikin rana. Ɗan da ke tara kuɗin kujerar Makka ya kamata ya so mahaifinsa ya yi wannan da ƙafarsa. Mutanen unguwa da ake jin kunyarsu kuwa, idan suka ga babban ɗa yana taka wa mahaifinsa baya zuwa masallaci, albarka za su sa masa.

Saura keke. Tamale gari ne na masu keke tun da daɗewa, har da hanyarsu ta daban a gefen wasu manyan tituna, kuma tuƙa keke na daga cikin abin da ya fi sauƙi ga gwiwa mai ciwo, tunda sirdi ke ɗauke da nauyin jiki. Ra'ayina a mayar masa da abinsa, bisa sharaɗi. A fara duba idonsa da jinsa, a tabbatar maganin hawan jinin ba ya sa shi jiri idan ya miƙe, a yi wata guda ana atisayen kujera. Sannan a kai keken wurin mai gyara a duba birki, a daidaita sirdi yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa idan ya tsaya. Ya fara da layukan unguwa da safe, ya bar cunkoson tsakiyar kasuwa tukuna. Ranar da za ku koma asibiti ki tafi da katin inshorar lafiyarsa da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, ki gaya wa likita abin da kuka tsara, ya ƙara ko ya rage.