Darasin Wannan Wata: Ruwan Wikki da Dajin Yankari

Allah ya yi wurare masu ban mamaki a duniya. Wasu duwatsu ne, wasu koguna, wasu dazuzzuka. Mutane sukan yi tafiya mai nisa don su gan su. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare yana nan ƙasarmu Nijeriya. Shi ne Gandun Dajin Yankari, inda Ruwan Wikki yake.

Ina Yankari take?

Yankari tana cikin Jihar Bauchi, a yankin Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Mai zuwa daga garin Bauchi zai bi hanyar Gombe. In ya kai Dindima sai ya ratse, ya nufi Mainamaji. A nan babbar ƙofar dajin take. Daga Bauchi zuwa masaukin baƙi na Wikki tafiyar ta fi kilomita 100.

Dajin yana da girma ƙwarai. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, wato hekta 224,400. Manomi mai hekta 2 zai gane cewa wannan ba ƙaramin fili ba ne.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a shekarar 1956. A 1962 aka buɗe shi ga masu zuwa kallo. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. A 2006 kuma aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi.

Ruwan Wikki

Abin da ya fi jan hankalin baƙi shi ne Ruwan Wikki. Ruwa ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse. Ya kwanta a cikin kwari, manyan itatuwa sun yi masa inuwa. Garau yake kamar madubi. Wanda ya tsaya a ciki yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi.

Abin mamaki shi ne ɗuminsa. Dare da rana, damina da rani, ɗumin ba ya sakewa. Ko lokacin hunturu, sa'ad da ruwan randa ke yanka hannu, Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa. A ma'aunin zafi yana kan digiri 31. Jikin mutum mai lafiya yana kan digiri 37. Saboda haka ruwan ba ya ƙuna, ba ya kuma sa ɗari.

Daga ina ɗumin yake fitowa? Ba wuta ake hura masa ba. Ruwan sama ne ke nutsewa cikin ƙasa, ya bi kafofin duwatsu ya yi nisa. Cikin ƙasa kuwa akwai zafi. Iyakar zurfi, iyakar zafi. Can ruwan yake ɗaukar ɗumi, sannan ya sami hanya ya ɓullo waje. Yashi da duwatsun da ya ratsa su ne suke tace shi.

An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana. In da za a ɗura shi a jarka mai lita 25, za a cika jarka 840,000 a kwana ɗaya. Ruwan yana gangarawa ya shiga Kogin Gaji.

Namun dajin Yankari

Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar dajin. Ba ya ƙafewa ko da rani ya tsananta, domin maɓuɓɓugai irin su Wikki suna ba shi ruwa. Shi ya sa rani ne lokacin da ya fi dacewa da kallo. Ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi duk sun taru a bakin kogi.

A nan ake ganin giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da gadu. A cikin ruwa akwai dorina da kada. Akwai zakuna, amma kaɗan suka rage. Gwaggon biri kuwa har masauki yake shiga, ya fizge abinci a hannun baƙo. Tsuntsaye sun fi iri 350.

Garken giwayen Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Wanda ya ga giwa ta fito daga duhuwa, ƙasaitacciya, 'ya'yanta na biye, ba ya mantawa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Abin da ke barazana ga dajin

Wannan kyau yana iya ɓacewa. A dā akwai raƙumin dawa da kyarkeci a Yankari. Yanzu babu su. Abubuwa huɗu ne suka fi cutar dajin.

Na farko, farautar sata. Ana kashe giwa don haurenta, ana kashe gwanki da ɓauna don nama. Giwa takan yi wata 22 da ciki, kuma ɗa ɗaya take haifa. In an kashe uwa guda, sai an yi shekaru kafin a sami madadinta.

Na biyu, shigar da shanu kiwo. Shanu suna cinye ciyawar namun daji. Cuta kuma tana yawo tsakaninsu. A shekarar 1983 annobar bushiya ta kashe shanu masu yawa a Nijeriya, ta kuma kashe ɓauna da gadu a Yankari.

Na uku, cinna wa daji wuta barkatai. Wuta tana ƙone ƙananan itatuwa da ƙwayayen tsuntsaye.

Na huɗu, sare itatuwa don itace da gawayi. Inda babu itatuwa, ruwan sama ba ya samun zama ya nutse. Gudu yake yi, ya kwashe ƙasa ya tafi da ita.

Kukan maƙwabtan daji

Manoman da ke kewaye da dajin su ma suna da nasu kuka. Wani lokaci giwaye sukan fito da dare su shiga gona. Kafin gari ya waye sun cinye dawa ko masara, wahalar shekara guda ta tafi. Wannan hasara ce babba, ba a raina ta.

Amma harbin giwa laifi ne a doka, ga kuma haɗari, domin giwa mai rauni takan yi kisa. Abin da ya kamata shi ne a sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji da wuri. Manoma su haɗa kai wajen gadin gonaki, da fitila da buga ganga. Giwa tana tsoron ƙudan zuma. A ƙasar Kenya manoma suna jera amya a gefen gona don korar ta, suna kuma samun zumar sayarwa.

Ma'aikata kaɗai ba za su iya tsare hekta 224,400 ba. Sai da taimakon manomi da makiyayi da maharbi. In an kiyaye dajin, jikoki ma za su ga giwa da idonsu, ba a hoto kawai ba.

Sababbin kalmomi

Gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe, ta hana farauta da kiwo da saran itace a ciki.

Maɓuɓɓuga: wurin da ruwa ke fitowa daga ƙasa da kansa.

Digiri: abin da ake ƙidaya zafi da shi.

Tambayoyi

1. A wace jiha Yankari take?
2. A wace shekara aka keɓe dajin?
3. Me ya sa Ruwan Wikki yake da ɗumi?
4. Faɗi abubuwa huɗu da ke cutar dajin.
5. Rubuta jimla uku a kan wani kyakkyawan wuri da ke kusa da garinku.