Murjani: Dabbar da Ƙashinta Yake a Waje

Da yawa daga cikinmu mun san murjani ne a matsayin jan dutsen ado da mata suke ratayawa a wuya. Amma murjani ba dutse ba ne tun asali, aikin wata 'yar ƙaramar dabba ce ta teku. Na adon nan yawanci daga Bahar Rum ake samo shi. Danginsa na ruwa mai ɗumi su ne magina.

Mutum da akuya ƙashinsu a ciki yake, nama ya lulluɓe shi. Fara, kunama, gizo-gizo, kyankyaso da ƙaguwa kuwa nasu a waje yake kamar sulke. Da yake sulken ba ya girma, dole su yi saɓa su sake sabo. Katantanwa ba ta saɓa, ƙara wa ɓawonta faɗi take yi daga baki. Yara sukan sa kunkuru a wannan sahu, alhali ƙoƙon bayansa haƙarƙarinsa ne da ƙashin baya suka haɗe.

Dabbar murjani jikinta kamar 'yar jaka yake, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar dawa ba, bakinta a sama, kewaye da 'yan hannuwa masu harbi. Tana zuƙo sinadarin alli daga ruwan teku, ta gina wa kanta ƙoƙo mai tauri a ƙarƙashinta. Sai ta yi toho, 'ya'yan su ma su gina nasu a gefenta. In sun mutu ƙoƙunan suna nan, na baya su ɗora a kai. Aikin ba ya sauri: irin masu kama da curin dutse da ƙyar suke ƙara santimita 2 a shekara. Duk da haka, a gabar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya wannan gini ya kai tsawon kilomita 2,300.

Maginin ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai wasu ƙananan tsirrai irin na gansakuka a cikin namansa, waɗanda suke sarrafa hasken rana su ba shi yawancin abincinsa da launinsa. Shi ya sa ginin yake son ruwa garau marar zurfi. Idan ruwa ya ɗara zafinsa na bazara da digiri 1 kacal har tsawon makonni, sai murjani ya kori baƙin nan, ya yi fari fat. In zafin ya daɗe, yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a Ostireliya a 1998, 2016, 2017 da 2024, ban da wasu shekarun a tsakani.