Gudun Minti 10 Kafin Karatu, Da Yadda Waya Za Ta Auna Shi

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ko matashin Gwandu mai koyon haɗa manhaja, ya san yadda kai ke toshewa bayan awa biyu ido na kan waya. Sai a koma TikTok wai hutu ake yi, kai ya ƙara nauyi.

A 2021, masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan sun sa matasa 26 gudu matsakaici na minti 10 kacal. Bayan gudun sun fi saurin amsa gwajin Stroop, inda ake rubuta kalmar "ja" da koren launi, a ce mutum ya faɗi launin, ba kalmar ba. Jini ma ya ƙaru a gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke riƙe hankali kan aiki. Mutum 26 ba su da yawa, amma gwadawa ba ta cin ko sisi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 75 na motsa jiki mai ƙarfi a mako. Minti 15 sau biyar ke nan.

Strava ko Samsung Health za su auna nisa da lokaci. GPS ba ya buƙatar data, batir kawai yake ci. A Kebbi, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, bayan sallar Asuba ya fi dacewa. Mai ciwon asma kuwa ya kiyayi ƙurar hunturu, ya fara tuntuɓar likita.