Malamin Gonan da Ba a Tare wa Hanya

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna ciki. Kafin nan da 'yan kwanaki an rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka. Kaka tana ƙofa, masara ta nuna, wake yana fure. Sai a watan Disamba waya ta fara dawowa. A tsawon watannin nan, manomin da ke ƙauyen Yankara ko bayan Sabuwa ba ya iya kiran kowa, kowa ba ya iya kiransa. Abu ɗaya ne ya ci gaba da shiga gidansa safe da yamma, wato akwatin rediyo mai batir biyu.

Ni malamin gona ne, kuma shekarun nan rabin aikina ya koma gaban makirfo. Ba don son jin muryata ba. Aikinmu da can na babur ne: ka je ƙauye, ka shiga gona, ka tsuguna ka tona gindin shuka da hannunka. Haka iyayen gidanmu suka yi tun shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, haka kuma hukumar noma ta jiha, KTARDA, ta gada. Yanzu akwai ƙauyukan da idan na ce zan je, iyalina ma ba za su bar ni ba. Tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 duniya ta san halin da yankin nan yake ciki, amma mu da muke aiki a ciki mun riga duniya sani. Malamai sun yi kaɗan, hanyoyi sun lalace, tsoro ya ƙaru. Muryar rediyo ce kaɗai ba mai tare mata hanya.

Kuma Bahaushe ba baƙon rediyo ba ne. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, gidan rediyon Kaduna tun 1962, kuma shirin Zaɓi Sonka ya haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Dattijon da ba ya karanta takarda zai faɗa maka abin da ke gudana a Gabas ta Tsakiya dalla-dalla. To mutumin da ya san rikicin ƙasar da bai taɓa zuwa ba, me zai hana ya san ranar da ya kamata ya zuba yuriya a gonarsa?

Abin da aiki ya koya mini shi ne, saƙon noma yana da ranarsa, in ta wuce ya zama hira. Ɗauki tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016. Tana ɓuya a cikin ƙoƙon masara, tana cin ganye tun yana naɗe. Idan aka gan ta tana ƙarama, aka yi feshi da sassafe ko da yamma, aka saita bakin famfo cikin ƙoƙon, ana cin ƙarfinta. Idan ta girma, kuɗin magani kawai za a zubar. Shirin da ya yi wannan bayani lokacin da masara take gwiwa ya ceci gona. Wanda ya yi shi bayan masara ta goya, ya cika lokaci ne kawai. Haka maganar taki. Kamfa tun farkon shuka, yuriya bayan mako huɗu zuwa shida, kuma a tona a rufe ta, domin wadda aka watsa a sarari rana da iska suna kwashe amfaninta. Haka maganar ruwan farko: kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, amma da Turanci ake karanta shi a Abuja. Sai an juya shi zuwa Hausar gona, an ce wa mutumin Faskari kada ya yi gaggawar shuka da yayyafin farko, sannan hasashen ya zama abinci.

Wani magidanci ya taɓa kira cikin shiri ya ce, “Malam, kullum kuna cewa hekta, mu fa gonarmu da buhu da tiya muke auna ta.” Gaskiya ya faɗa. Tun da mai sauraro ba ya ganin allo, dole a yi masa awo da abin da ke hannunsa: murfin kwalba, tiya, taku, tsawon yatsa.

Sai dai ga inda nake son 'yan uwana manoma su buɗe kunne. Ba duk abin da ya fito daga akwatin rediyo ba ne shawarar masana. Gidajen rediyo suna fama da kuɗin dizal da albashi, saboda haka suna sayar da lokaci. Mai maganin feshi ko mai iri zai biya kuɗi ya yi minti talatin yana yabon hajarsa, da murya irin ta malamin gona, har da kiran waya na masu ba da shaida. Wannan talla ce. Ina ganin illarta a kan wake musamman, inda ake yayyafa wa hatsin da za a ci maganin da aka yi don feshi a gona, ko a jefa ƙwayar kashe ƙwari a buhu a ajiye shi a ɗakin da yara suke kwana. Iskar ƙwayar nan tana kisa. Alhali buhun PICS mai riɓi uku yana adana wake ba tare da ɗigon magani ba, matuƙar waken ya bushe kuma an ɗaure kowane riɓi da kyau. Idan ka ji shiri yana nanata sunan kaya ɗaya da lambar waya ɗaya, bai faɗi awo ba, bai faɗi haɗari ba, to kasuwa kake saurare. Ka tambayi malamin gona ko wani manomin da ya gwada kafin ka kwance lalitarka.

Ga ma'aikatan gidajen rediyo kuma, da ladabi nake cewa a duba lokacin da ake sa shirin noma. Ƙarfe goma na safe a watan Yuli manomi yana bakin kunya da fartanya. Bayan sallar Isha'i ne yake zaune. Mata kuwa, waɗanda su ne masu kiwon awaki da kaji, su ne masu sarrafa gyaɗa da waken suya, hantsi ne lokacinsu, kuma da wuya a yi shiri dominsu su kaɗai. Sannan a tuna zangon FM ba ya tafiya nesa. Tashar da ake ji tangaram a birnin Katsina, kafin ta kai Sabuwa da ke iyaka da Birnin Gwari ta zama ƙara. Maƙwabtanmu na Nijar sun kama hanyar rediyon karkara tun 1999, ƙaramar tasha a cikin gari, mutanen garin ne ke magana a kanta. Mu sai a 2015 aka ba da lasisin farko na irinsu, guda 17 a duk faɗin ƙasa. Kudancin Katsina, da yake cika kasuwar Dandume da hatsi, ya cancanci tasa.

Wani abu kuma da ya shafi yankinmu kai tsaye: a shirin kiran waya, kada mai kira ya faɗi yawan buhunan da ya samu, ko ranar da zai kai kaya kasuwa, ko hanyar da zai bi. Ba manoma kaɗai ke riƙe da rediyo ba, 'yan bindigar da ke cikin daji ma suna da ita. Mai gabatarwa ya katse irin wannan magana tun kafin ta fita, kuma sunan ƙaramar hukuma ya wadatar, ba sai an faɗi unguwa ba.

Kafin damina mai zuwa, ina roƙon kowace ƙungiyar manoma ta ware dare ɗaya a mako ta saurari shirin noma tare. A samu yaro mai rubutu ya riƙa ɗaukar awo da ranaku a littafi. Abin da ba a gane ba a tattara shi, ranar kasuwa wanda ya shiga inda waya take kamawa ya aiko da tambayoyin cikin saƙon murya ɗaya. In tsutsa ce ko cutar ganye, a haɗa da hoto, a kuma faɗi ranar da aka yi shuka.