Daga Titin Ibrahim Taiwo Zuwa Hamada da Sararin Sama: Matakan Aiki da Na'urar GPS ta Hannu

Mai tambaya zai ce, wayar da ke aljihuna tana nuna taswira, me zai sa in sayi wata na'ura daban? Gaskiyarsa, muddin tafiyar ba ta wuce Kano zuwa Kaduna ba. Amma wanda ya wuce Damagaram ya nufi Agadas ya san yadda waya ke yin zafi ta kashe kanta, caji ya ƙare, ƙura ta toshe bakin caja. Na'urar hannu irin su Garmin eTrex da GPSMAP batir biyu take ci, irin na agogon bango, kuma eTrex 10 kan yi kusan awa 25 kafin a canza su. Ba ta neman layi, ba ta neman data.

Aikinta saurare ne kawai. Taurarin ɗan'adam na Amurka, kusan 30, suna zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Na'urar tana lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta gane nisanta da kowane tauraro. In ta kama huɗu, ta san inda kake da tsayin wurin. Kafin watan Mayu na 2000 da gangan Amurka ke gurɓata saƙon farar hula har kuskure ya kai mita 100. Yanzu a fili buɗaɗɗe bai cika wuce mita 5 ba. Don haka yawancin ɓatan da ake yi da na'urar nan ba daga sama yake zuwa ba, daga yatsan mai ita ne. Shi ya sa ya kamata a koye ta a cikin gari, inda in ka kuskure ɗan sahu zai mayar da kai gida.

Mataki na 1: Saye da gwaji

Ko a shagunan kayan lantarki na wajen Titin Beirut da Sabon Gari ka samo ta, ko aiko maka aka yi daga waje, kada ka gamsu da cewa ta kunnu a cikin shago. Fito da ita waje. Buɗe murfin batir ka duba ko tsohon batir ya taɓa zuba ya ci ƙarfen. Danna kowane maɓalli, musamman in an taɓa amfani da ita. In ka samu wadda ke kama taurarin Rasha na GLONASS ko Galileo na Turai tare da na Amurka, ta fi a tsakanin dogayen gine-gine. Ka karɓi rasit, ka adana shi, domin a shingen jami'an tsaro za a iya tambayarka mece ce wannan kuma ina ka samo.

Mataki na 2: Kunnawar farko

Nemi wurin da sama take a buɗe, ba ƙarƙashin rumfar kwano ko gada ba. Kunna ta, ka tsaya wuri ɗaya. Na'urar da aka rufe a wata ƙasa aka buɗe a Kano ba ta san inda take ba, sai ta tattara jadawalin taurari tukuna, kuma cikakken jadawalin minti 12 da rabi yake ɗauka. Ka ba ta kwata ɗin awa. A shafin taurari za ka ga sanduna suna cika ɗaya bayan ɗaya, sannan lambobi su fito. A Titin Ibrahim Taiwo lambar arewa, mai harafin N, tana wasa a kusa da digiri 12, ta gabas mai harafin E kuma digiri 8 da minti 31 ko 32. In ka ga S ko W, ko lambobin sun yi nisa da waɗannan, ba ta gama kamawa ba.

Mataki na 3: Saiti, inda aka fi faɗuwa

Nan ne za mu daɗe. Shiga Setup ka nemi Position Format. Wuri guda ana rubuta shi hanya uku: digiri da ɗigo kawai, ko digiri da minti, ko digiri da minti da sakan. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, kuma a ƙasa ya kai kusan kilomita 111.

Ga yadda abin ke cizo. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana gabas digiri 8 da minti 31 da ɗoriya. Wani ya karanto maka a waya, “takwas, talatin da ɗaya.” Kai kuma na'urarka tana kan tsarin ɗigo, ka rubuta 8.31, alhali daidai ɗinsa kusan 8.52 ne. Na'urar ba za ta ce uffan ba, za ta nuna maka wani wuri sama da kilomita 20 yamma da filin jirgin, cikin gonaki. A Kano dariya za a yi maka. In rijiya kake nema a hamada, ba abin dariya ba ne. Saboda haka duk wanda zai ba ka lambobi, ya turo a rubuce da alamominsu, kuma ku daidaita tsari ɗaya kafin ku rabu.

A ƙasan wannan akwai Map Datum, wato tushen awon da aka gina taswira a kai. Bar shi a WGS 84, shi ne na GPS da taswirar waya da taswirar jiragen sama. Tsofaffin taswirun safiyo na Najeriya kuwa a kan awon Minna aka zana su, kuma tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci. In da irin wannan takarda kake aiki, mayar da na'urar kan Minna, in ka gama ka dawo da ita. Takardun filaye kuma sukan zo da lambobin UTM na mita. Kano tana yanki na 32. Sai dai ka sani na'urar hannu ba ta kafa shaidar iyakar fili. Kuskuren mita huɗu ya isa ya haɗa ka shari'a da maƙwabci, wannan aikin mai safiyo ne. Auna girman gona a hekta kuwa tana yi daidai gwargwado.

Sauran saitin ba wuya: kilomita da mita ga matafiyin ƙasa, agogo a kan lokacin Najeriya, wanda shi ne na Nijar.

Mataki na 4: Ajiye wuri da komawa gare shi

Tsaya inda ka ajiye mota, danna Mark, ka sa wa wurin suna da za ka gane, kamar MOTA. Kada ka bar shi da 001 da 002, bayan wata guda ba za ka tuna ba. Share tsohon sawu, wato layin tafiyarka da na'urar ke ajiyewa, ka kutsa cikin Kantin Kwari. Kula da lambar da ke nuna girman kuskure: a bakin titi mita 4 ko 5, da ka shiga layukan da benaye da rumfuna suka rufe sai ta haura 15 ko 20, sawunka a allo ya riƙa tsalle kamar ka ratsa ta cikin shaguna. Saƙon ne ke dukan bango da kwano kafin ya iso. Haka za ta yi maka a cikin kwazazzabo ko gindin dutse.

Fito ta wata ƙofa daban, ka gwada hanyoyi biyu na komawa. Go To zai ja maka layi miƙaƙƙe zuwa MOTA, ba ruwansa da katanga ko kwata. TracBack kuma zai bi da kai ta ainihin sawun da ka taka. A daji na biyun ne abokin tafiya, domin inda ka wuce lafiya ɗazu ka san mota na iya bi.

Wani abu da ke ruɗa sabon shiga: ƙananan na'urori irin eTrex 10 ba su da kamfas na gaske, daga motsinka suke gane inda ka dosa. In ka tsaya cik kibiyar sai ta rikice. Yi taku goma, za ta daidaita.

Yanzu rubuta wuri da hannunka: N 12°02.9′, E 008°31.5′. Filin jirgin ke nan. Kibiya za ta nuna arewa, nisan kuma bai kai kilomita 6 ba. In ta ce 20 ko 200, koma mataki na uku. Mai son ƙari ya sa N 21°25.35′, E 039°49.57′, wato Ka'aba. Daga Kano na'urar za ta ba da kusurwar digiri 68 daga arewa, alƙiblar matafiyi ke nan in rana ta ɓuya cikin hazo.

Mataki na 5: Doguwar tafiya a ƙasa

Taswirar da ke zuwa cikin na'urar ba ta da wani abin kirki game da yankinmu. Ana sauke ta OpenStreetMap kyauta a zuba ta kwamfuta, ga wadda ke karɓar taswira. Tun a gida ka ajiye manyan zangogi: Kazaure, Daura, Kwangwalam, Matamai, Damagaram, da gidajen mai da wuraren kwana. Na'urar za ta ce Damagaram kusan kilomita 200 ce daga Kano, amma wannan tafiyar tsuntsu ce, hanyar mota ta fi haka. Kada ka auna mai da ita.

In ka san direban da ya saba bin hanyar kuma yana da irin na'urar, roƙe shi sawunsa a fayil ɗin GPX. Ya fi kowace taswira, ko da yake shi ma yashi da ruwan damina suna canza shi. Kana tafe kana ajiye duk mararraba, rijiya da inda sabis ya ɗauke, domin ka san inda za ka koma in kana neman kiran waya. Kusa da bariki ko sansanin soja, mayar da ita aljihu. Kada ka bar ta kan gaban mota a zafin Afrilu, allon zai yi baƙi. Batir kuma ka riƙe ninkin abin da kake zato, mai kyau, ba na tire ba.

Sai abu mafi nauyi: na'urar nan ba ta aika saƙo. Ta san inda kake, amma ba wanda za ta gaya wa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, akasari mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kama su. Lambobi a allo ba sa kawo ruwa. Wanda zai shiga inda ba sabis ya bar wa na gida hanyarsa da ranar da zai iso a rubuce, ya bi ayari, ya ɗauki ɗan jagora, kuma ya tambayi halin tsaro kafin ya tashi.

Mataki na 6: A cikin jirgi

Fasinja ya fara neman izinin ma'aikatan jirgi, kowane kamfani da dokarsa; in an ce a kashe, a kashe. In an yarda, sai kujerar taga, a manna na'urar jikin gilashi, domin jikin jirgi yana tare saƙon. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, kuma za ka ga gudu na kai kilomita 800 zuwa 900 a awa. Idan taka mai auna tsayi da nauyin iska ce, za ta nuna ƙafa 6,000 zuwa 8,000 alhali kuna sama da ƙafa 30,000. Iskar cikin jirgi take aunawa. Duba tsayin a shafin taurari.

Ga ɗalibin tuƙi, irin na kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, maganar ta fi tsauri. Canza awo zuwa mil na teku, wanda yake mita 1,852, da not don gudu da ƙafa don tsayi, agogo kuma zuwa UTC, awa ɗaya baya da namu. Filayen jirgi da lambobinsu ake nema: DNKN Kano, DNZA Zariya. Na'urorin da aka yi don matuƙa, kamar aera 660, suna ɗauke da bayanan filaye da hanyoyin sama waɗanda ake sabuntawa duk kwana 28, kuma tsohon bayani na iya shigar da kai sararin da aka hana. Shirya hanya tun a ƙasa, ka zana ta a taswirar takarda, ka ɗaure na'urar inda ba za ta tare ido ko ta kusanci kamfas ɗin jirgi ba.

Gudun da take nunawa na ƙasa ne, ba gudunka cikin iska ba. Zariya zuwa Kano kusan mil 74 ne, arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. A ce jirginka yana not 100, iska na turo ka da not 20: na'urar za ta nuna 80, tafiyar minti 44 ta koma 55. Wannan lissafin ne amfaninta, don mai da lokacin isa. Amma tashi da sauka da awon gudun jirgi ake yi, tsayi kuma da awon jirgi da aka saita da lambar da hasumiya ta bayar, domin da shi sauran jirage ke aiki.

Jarrabawar tana zuwa ne a Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe Kano har manyan jirage su jinkirta. Layi na nan raɗau a allo, zuciya ta ce ai na san inda nake. Na'urar hannu ba ta da izinin zama jagorar tuƙi cikin rashin gani ko saukar da jirgi, taimako ce ga mai kallon ƙasa da idonsa. Saƙonta ma rauni gare shi, a 'yan shekarun nan matuƙa a Gabas ta Tsakiya da kewayen Bahar Aswad sun sha kai rahoton toshe shi ko aiko na bogi. In gani ya gaza abin da doka ta gindaya, ka zauna a ƙasa ko ka juya, komai kyan abin da allon ke nunawa.