Za'ba da Hukumar Fassara ta Malaya: Abin Lura ga Manazarcin Adabin Hausa

Duk ɗalibin Hausa ya san Hukumar Fassara ta 1929, wadda ta zauna a Zariya a hannun Dokta R. M. East, ta kuma rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a 1933. Kaɗan ne suka san tana da yaya a ƙasar Malaya, wato hukumar da aka kafa a 1924 a Kwalejin Horon Malamai ta Sultan Idris da ke Tanjung Malim.

Ginshiƙin waccan hukuma shi ne Zainal Abidin bin Ahmad, wanda aka fi sani da Za'ba (1895-1973). Ya fassara littattafan makaranta da labarun Shakespeare zuwa Malayanci, ya tsara nahawun harshen, ya kuma daidaita ƙa'idojin rubutunsa na boko, waɗanda aka bi har 1972. Wannan aiki ya kai shi koyarwa a SOAS ta Landan a 1947, sa'an nan Jami'ar Malaya a 1953.

Kamancin ƙasashen biyu a fili yake: jama'a ce Musulmi mai ajaminta, wanda su ke kira Jawi, Ingilishi ya zo mata da boko. Bambancin ya fi jan hankali. A can ɗan ƙasa ne ya shimfiɗa ƙa'idar rubutu. A nan kuwa East ne ya yi jagora, ko da yake alƙalamin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ne. Kafin a yanke hukunci kan tasirin Turawa a adabin Hausa na zamani, ya kamata a ɗora Zariya da Tanjung Malim bisa sikeli guda.