Cin Zali Tsakanin 'Yan Firamare: Abin Da Yake Yi Wa Jiki Da Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Ba kowane faɗa ne tsakanin yara ake kira cin zali ba. Idan yara biyu sa'annin juna suka yi cacar baki ko kokawa a filin wasa, gobe kuma aka gan su tare suna buga ƙwallo, wannan faɗa ne kawai. Masani Dan Olweus na Jami'ar Bergen ta ƙasar Nowe, wanda ya fara nazarin wannan matsala tun farkon shekarun 1970, ya kawo sharuɗɗa uku da ake gane cin zali da su. Na farko, a yi abin da gangan domin a cutar. Na biyu, a riƙa maimaita shi a kan yaro guda. Na uku, ƙarfi ya kasance ba ɗaya ba, ta yadda wanda ake cuta ba ya iya kare kansa.

Cin zali yana iya zama na duka, ko ƙwace kuɗin tara da abinci. Yana iya zama na baki, kamar laƙaba wa yaro mummunan suna saboda in'ina, ko gurguntaka, ko zabiyanci, ko talaucin gidansu. Akwai kuma na wariya, inda za a haɗa baki a ƙaurace wa yarinya, a hana kowa wasa da ita. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar ganewa, domin ba ya barin tabo a fata.

Girman matsalar

A shekarar 1982 wasu yara uku 'yan shekara 10 zuwa 14 suka kashe kansu a arewacin Nowe, aka kuma danganta abin da tsananin cin zalin da suka sha a makaranta. Wannan ya sa a 1983 gwamnatin ƙasar ta shirya gangami na ƙasa baki ɗaya. An yi wa ɗalibai kusan 130,000 tambayoyi, aka tarar kimanin kashi 9 cikin ɗari ana cin zalinsu, kashi 7 kuma su ne masu cin zalin. An kuma lura cewa yaran ƙananan azuzuwa ne suka fi shan wuya, sau da yawa a hannun waɗanda suka girme su. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya ce an ci zalinsa a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa, adadin ya kusa kai rabi.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A duk lokacin da yaro ya hango wanda ya saba dukansa, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai siffar ƙwayar gyaɗa, wanda ake kira amigdala, shi ke fara buga ƙararrawa. Saƙo sai ya tafi ga wani sashe mai suna haifotalamus, daga nan ya rabu gida biyu. Hanya ta farko ta jijiyoyi ce, mai saurin gaske. Tana isa ga wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune bisa kowace ƙoda, wato adirenal, su kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya za ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, jini ya bar hanji ya koma ga tsokar hannu da ƙafa. Jiki ya shirya ke nan, ko a gwabza ko a ruga. Hanya ta biyu ta fi jinkiri: haifotalamus yana aika wa fituwitari, fituwitari ya aika wa adirenal ta cikin jini, sannan a saki sinadarin kotisol. Aikin kotisol shi ne ƙara sukari a jini da dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba.

Wannan tsari baiwa ce, domin da shi ne barewa ke tsere wa zaki. Sai dai an halicce shi ne don hatsarin 'yan mintoci. Yaron da ake cin zalinsa kuwa, nasa zakin yana jiransa kullum a bakin aji, daga Litinin zuwa Juma'a. Idan ƙararrawar ta ƙi yin shiru, narkewar abinci kan rikice, barci ya lalace, garkuwar jiki ta raunana. Shi ya sa irin wannan yaro yakan yi kukan ciwon ciki ko ciwon kai da safe, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Ba ƙarya yake yi ba. Bugu da ƙari, sassan ƙwaƙwalwa masu kula da haddar abu da tattara hankali ba sa aiki sosai a cikin fargaba. Yaron da ke lissafin ta inda zai bi ya koma gida lafiya ba shi da sauran hankalin da zai yi lissafin da ke kan allo.

Hujja daga tagwaye

Mai karatu na iya tambaya: anya ba dama can yaran ne masu rauni ba, shi ya sa aka raina su? Manazarta a Birtaniya sun gwada amsa wannan da tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai guda, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya, gidansu ɗaya. A binciken da aka buga a 2011 an ɗauki tagwaye 'yan shekara 12 har gida 30, inda aka ci zalin ɗaya ba a ci na ɗayan ba. Da aka sa su wani gwaji mai tayar da hankali aka auna kotisol a yawunsu, sai na waɗanda ba a cuta ba ya hau kamar yadda aka zata, na waɗanda aka cuta kuwa bai hau ba. Wato tsarin nasu ya dusashe. Tun da gado ɗaya ne, gida ɗaya ne, bambancin ya fi karkata ga abin da ya same su a hannun 'yan'uwansu yara.

Tabon kuma yana daɗewa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya bi rayuwar mutum 7,771 da aka haifa a Birtaniya a 1958. Waɗanda aka yawaita cin zalinsu suna 'yan shekara 7 da 11 sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba a shekara 45, illar kuma ba ta gushe ba har suka kai 50.

Shin ɗabi'a ce da ba ta sauyuwa?

Duk mai kiwon kaji ya san akwai wadda ke tsattsagar kowa, akwai kuma wadda kowa ke tsattsaga. Masanin dabbobi ɗan Nowe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana wannan jeri na fifiko a farkon shekarun 1920. Wasu kan kafa hujja da shi su ce cin zali halitta ce, ba ta da magani. Amma wani garken bika, wato gwaggon biri, a ƙasar Kenya ya nuna akasin haka. A shekarun 1980 cutar tarin fuka ta kashe kusan rabin mazan garken, kuma mafaɗatan ne suka mutu, domin su ne ke iya ƙwatar gurɓataccen nama a jujin wani masaukin baƙi. Garken sai ya koma mai zaman lafiya. Abin mamaki, kamar yadda Robert Sapolsky da Lisa Share suka bayyana a 2004, bayan kusan shekara goma duk mazan farko sun ƙare, baƙin maza sun maye gurbinsu, amma zaman lafiyar na nan. Baƙin sun tarar da al'ada, suka bi. Idan biri zai koyi sauƙin hali daga garkensa, ɗan Adam ya fi cancanta.

'Yan kallo su ne maƙalli

Mai cin zali ba safai yake yi a ɓoye ba, domin suna da kwarjini yake nema. Manazarta a Kanada da suka ɗauki hoton bidiyo a filayen wasan firamare sun ga cewa a kusan kashi 85 cikin ɗari na lokutan, akwai wasu yara a wurin. Rahotonsu na 2001 ya nuna cewa idan wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin ɗari abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. A kan wannan fahimta ce Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan ta gina shirin KiVa, wanda aka yaɗa a makarantun ƙasar daga 2009. Shi ma shirin Olweus, a gwajin farko a makarantu 42 na Bergen, ya rage cin zali da kusan rabi.

Kammalawa

Darasin ga malami a fili yake. Ya sa ido a lokacin tara da lokacin tashi, da bayan aji da wajen ban-ɗaki, domin nan ne aka fi yin aika-aikar. Ya lura da ikon da yake ba monita. Kada ya ce da mai kawo ƙara "je ka rama," kada kuma ya rama masa da bulala a gaban aji, domin hakan koya wa yara ne cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Ya gana da mai laifin a keɓe, ya sanar da iyaye, ya kuma ci gaba da bibiya. Ɗalibin sakandare kuwa, shi ne yayan da ƙannensa za su fi sakin jiki su gaya wa abin da suka ɓoye wa iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin ɗalibi

1. A ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya a zaune, sannan a sake bayan gudun mita 100. Wane sinadari ne ke kawo irin wannan sauyi idan tsoro ne ya zo ba gudu ba?
2. A zuba wa kaji tsaba har kwana bakwai, a rubuta wadda ke tsattsagar wata. Shin jerin yana sauyawa?
3. Me ya sa manazarta suka zaɓi tagwaye masu kama ɗaya?